Yadda aure ya raba ni da zaman ɓoye a Amurka

Ni haifaffen cikin birnin Zariya ne. Gidanmu na tsakanin Babban Dodo da Ƙofar Doka, sana'ar da muka gada kuma ɗinkin babbar riga ce. Tun kafin in iya haɗa baƙi a makarantar allo Baba ya damƙa mini allura. Duk wanda ya san birni ya san irin zaman nan na zaure, kowa da riga a cinya, wani na cika aska takwas, wani na fama da aljihun 'yar Dikwa, ana aiki ana hira har a kira la'asar. Da wannan sana'ar na yi aure a 2009, da ita na yanka ragon sunan 'yata a 2011, ita ce kuma ta kai ni Amurka.

A 2013 wani Alhaji da muke yi wa aiki, mai kai riguna Abuja da Legas, ya samu gayyatar wani baje kolin kayan Afirka a birnin Niyok. Ya ce yana son tafiya da maɗinki ɗaya da zai zauna yana aiki a gaban jama'a, su gani da idonsu cewa da hannu ake yi. Allah ya sa ni ya ɗauka. Aka ba mu bizar ziyara ta shekara biyu. A nan mutanenmu da yawa ke ruɗewa, suna ɗaukar shekara biyun izinin zama ne, alhali lokaci ne kawai da aka yarda ka je bakin ƙofa ka nemi shiga. Jami'in da ya karɓe ka a filin jirgi shi ke yanke iyakar zamanka. Ni wata shida ya buga mini a fasfo.

Kafin baje kolin ya tashi, wani tela Bahaushen Gana mai shago a unguwar Bronx da ke Niyok ya ga aikina, ya roƙi in taya shi ɗinkin Babbar Sallah. Abin da ya biya ni a sati biyu, a gida sai in yi watanni ban tara shi ba. A lokacin ciwon suga ya fara cin ƙarfin Baba, ana bin mu bashin magani, damina kuma ta kayar da katangar gidanmu ta gabas. Na ce wa Alhaji ya yi gaba, zan biyo shi bayan Sallah. Bayan Sallah na ce bari a tada katanga tukuna. Da katanga ta tashi sai ga kuɗin makarantar ƙannena. Wa'adina ya cika ina kan keke.

Akwai dokar da Amurka ta kafa a 1996 wadda duk mai zaman ɓoye ya haddace ta. In ka wuce wa'adinka da fiye da kwana 180 sannan ka fita ƙasar, ba za a sake barinka ka shigo ba sai bayan shekara uku. In abin ya kai shekara guda, shekara goma ke nan. Hukuncin ba ya hawa kanka sai ranar da ka fita. Shi ya sa za ka ga mutum ya shekara goma sha biyar bai zo gida ba, a nan ana zaginsa ana cewa ya manta da iyayensa, shi kuwa a can ya san in ya taka jirgi bakin abincin gida gaba ɗaya ya toshe.

Mu huɗu muke kwana a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa, biyu 'yan Nijar, ɗaya daga Kumasi, sai ni. Ba taga sai wata 'yar kafa da ake hango ƙafafun masu wucewa. Kuɗi a hannu ake biyana. Ba lasin tuƙi, ba inshorar lafiya, in zazzaɓi ya kama ni sai in sha abin da ya samu in koma kan keke. Sanyi da aiki duk da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne rashin baki. Wani mutum ya karɓi manyan riguna uku da na yi wata biyu ina tsiyayar da idona a kansu, ya ƙi biya. Da na matsa masa sai ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ga ta, kira 'yan sanda mana." Ya san ba zan kira ba. Na juya na tafi, a cikin jirgin ƙasa hawaye suka zubo mini.

Wani dattijo a masallacinmu, wanda ya shiga Amurka tun ina goye, shi ya zaunar da ni ya ba ni shawarar da har gobe nake yi masa addu'a a kanta. Ya ce, "Ɗana, abu uku zan gaya maka. Kada ka yi aiki da takardun wani, ko da ɗan'uwanka ne. Kada ka taɓa cika wata takarda ka ce kai ɗan ƙasa ne, don wannan ƙaryar ba ta da gyara har ka mutu. Sannan ka riƙa biyan haraji." Na yi mamakin na ukun, mutumin da gwamnati ba ta san da zamansa ba yaya zai biya haraji? Ashe hukumar haraji tana ba da wata lamba, ITIN, ga wanda ba shi da lambar soshiyal, wato lambar da ake ba 'yan ƙasa da masu izinin aiki. Na karɓa, duk shekara ina biya ina adana takardun. A farkon 2015 kuma hukumar birnin ta fito da katin shaida na IDNYC wanda ba a tambayar yadda kake zaune, shi ne katin farko mai hotona da na riƙe a ƙasar.

Zariya kuwa ta koma cikin waya. Ta waya na ji tashin hankalin Disambar 2015, na kwana ina kiran layin da ba ya shiga. Ta waya 'yata ta koyi cewa Baba. Ta waya kuma aurena ya mutu. Uwar ɗiyata ta yi haƙuri iyakar yinta, kuma ba zan taɓa ɗora mata laifi ba. Yarinya ce mai ƙuruciya, kuɗi na zuwa, a lokacin ma dala ta haura naira 400 a kasuwar bayan fage, amma ba kuɗi ta aura ba. Duk sanda ta tambaye ni yaushe zan dawo, ba ni da amsar da ta wuce "in sha Allahu". A 2016 mahaifinta ya je wajen Kawu da mutunci ya ce a sawwaƙe wa 'yarsa. Aka je kotun shari'a, na aiko da rubutacciyar amincewa, na ce na yafe sadakin da za ta mayar. Kotu ta ba da takarda, Kawu ya ninke ta ya sa a adakar Baba.

Baba ya rasu a farkon 2017, a asibitin Shika, da asubar Zariya. A wurinmu dare bai daɗe da rabawa ba. Ƙanena ya kira, da na ji yadda ya yi sallama na sani. Na ce a ba ni Inna. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, sai ta ce, "Kai ɗan nan, ka saurare ni. Kada ka taso. In ka zo ba tashinsa za ka yi ba, ƙannenka kuma wa zai riƙe su? Ya tafi yana sa maka albarka." Da hantsi aka yi jana'iza a ƙofar gida. Ƙanena ya bar wayar a buɗe cikin aljihun rigarsa, ni kuma ina zaune a kan matakalar ɗakinmu cikin duhu, ina jin takun mutane da tarin tsofaffi, har liman ya yi kabbara huɗu ya sallame. Mutumin da ya koya mini zura zare a allura, wasu ne suka wanke shi, wasu suka ɗauki makararsa. Ba wata takarda da aka ba ni daga baya da ta biya mini wannan safiyar.

A shekarar ce Trump ya hau mulki, tsoro ya ƙaru a unguwanninmu. Ko ƙofa aka ƙwanƙwasa da sassafe sai mu yi tsit. A irin wannan lokacin dillalan auren takarda ke cin kasuwa. An zo mini da maganar har shago: akwai wata mata 'yar ƙasa, dala dubu goma sha biyar, rabi yanzu rabi bayan katin izinin zama ya fito, ba sai kun zauna tare ba, hotuna kawai za a ɗauka. Doka ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara biyar da tarar da ta kai dala 250,000 ga wanda aka kama da wannan, kuma in aka tabbatar maka da shi sau ɗaya, ko daga baya ka yi auren gaskiya ba za a amince da takardar da aka shigar maka ba. Na kuma ga abin da ya samu ɗaya daga cikin abokan kwanana. Ya biya, matar ta riƙa tatsarsa duk wata tana barazanar tona shi, ana gab da kiransu ganawa ta ɓace. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne igiyar aure. Na taso a gidan da ba a wasa da kalmar "na ba ka, na karɓa", ban ga yadda zan tara shaidu a kan abin da ni da matar muka san ƙarya ne ba.

Matata ta yanzu ta shigo shagonmu ne da tsohuwar rigar mahaifinta a leda. Saƙi ce, ta sha shekaru, asu ya ci gefen linzaminta. Ina buɗewa na gane hannun mutanen birni ne, irin cikon da tsofaffinmu ke yi mai matsewa wanda yanzu ba kowa ke da haƙurinsa ba. Na ce mata, "Hajiya, wannan rigar 'yar garinmu ce." Ta yi dariya ta ce kakanta ne ya saye ta, Bakatsine ne da fataucin goro ya kai shi Kumasi ya zauna a Zango. Ita a Bronx aka haife ta, 'yar ƙasa ce tun ranar da ta faɗo, amma da Hausar Zango ta tashi a gida. Bazawara ce mai ɗa guda, tana aikin jinya a gidan kula da tsofaffi. Na gyara rigar na ƙi karɓar ko kwabo. Bayan Sallah mahaifinta ya aiko a kira masa maɗinkin ya gode masa da bakinsa, daga nan zumunci ya ƙullu.

Ranar da na fara yi mata maganar aure, a ranar na gaya mata yadda nake zaune, da auren da na yi, da 'yar da na bari. Ta ce ta riga ta sani, unguwar ba ta da sirri. Mahaifinta ne bai saki jiki da wuri ba. Ya zaunar da ni a falonsa ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Malam, 'yata kake so ko takarda?" Na ce, "Baba, in na ce maka ba na bukatar takarda na yi maka ƙarya, kuma ba zan fara neman 'yarka da ƙarya ba. Amma an kawo mini wadda ake saya da kuɗi na ƙi. Ita nake so, in takardar ta samu alhamdu lillahi, in ba ta samu ba matata ce." Bai ce komai ba. Ashe ta hannun wani abokin kasuwancinsa ya sa an tura mutum daga Sabon Gari ya shiga birni yana tambayar asalin gidanmu. Ƙanena ya kira ni yana cewa wani baƙo ya je har wajen mabuga yana bincike a kaina. Da sakamako ya dawo sai tsohon ya ce in turo magabatana.

Kawu ya nemi auren ta waya, ya wakilta dattijon nan na masallaci ya karɓa mini. Aka ɗaura a watan Maris na 2018, a Zariya ma aka raba goro da alawa a zauren Baba. Kafin ranar mun je ofishin magatakardan birni mun karɓi lasin aure, wanda doka ta ce sai ya yi awa 24 kafin a yi amfani da shi, limamin da ya ɗaura kuma mai rajista ne, ya sa hannu aka mayar. Auren masallaci kaɗai ba tare da wannan ba, wahala zai ba ka a gaban hukuma.

Maganganu suka biyo baya daga gida. "Ya auri 'yar Gana don kati." Wata gwaggona ta aiko mini da saƙon murya tana cewa, "Ka yi dabara ɗana, in ka samu abin da ka je nema sai ka dawo mu yi maka na gaskiya." Da kyakkyawar niyya ta faɗa a ganinta. Matata na kusa da ni lokacin da na kunna saƙon, ta ji komai. Ba ta ce uffan ba, ta tashi ta shiga kicin. Wannan kalmar ta fi zagi ciwo, kuma ita ce babban dalilin da ya sa nake ba da labarin nan, don mutanen gida su san abin da matar nan ta ɗauka.

Tambayar farko da lauya ta yi mini ita ce, "Ta ina ka shigo?" Na fito da tsohon fasfona daga ledar da nake ajiye shi a aljihun keken ɗinki, ta ga hatimin filin jirgi, ta ce to akwai hanya. Wanda jami'i ya duba ya shigar da shi, in ya auri 'yar ƙasa, doka ta ba shi damar gyara zamansa daga ciki ba tare da ya fita ba, ana kuma yafe masa wuce wa'adi da aikin da ya yi ba izini. Wanda ya tsallako ta iyakar Meziko ba hatimi, nasa lamarin daban ne, yawanci sai ya nemi afuwa ta musamman sannan ya fita ya yi ganawa a ƙasarsu. Ta tambaye ni ko na taɓa cewa ni ɗan ƙasa ne, na ce a'a. Ta ga tarin takardun haraji, ta ce wanda ya ba ni wannan shawarar ya yi mini gata.

Fom ɗin I-130 matata ce ta cika, tana shaida wa gwamnati ni mijinta ne, kuɗinsa dala 535 a lokacin. Nawa shi ne I-485, na neman katin zama, dala 1,225 har da ɗaukar zanen yatsu, ban da ladan lauya da na likitan da hukuma ta amince da shi. An ƙara waɗannan kuɗaɗen a Afrilun 2024. Amma takardar da ta fi kowace nauyi ita ce I-864. Lauya ta juya ta fuskanci matata ita kaɗai ta ce ta saurara da kyau. In ta sa hannu, ta ɗauki alkawari da gwamnatin Amurka cewa za ta riƙe ni a kan abin da bai gaza kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci ba. In na ci wani tallafin gwamnati ana iya bin ta kuɗin. Kuma ko mun rabu alkawarin na nan a wuyanta, ba ya sauka sai na zama ɗan ƙasa, ko na yi aikin da ya kai kimanin shekara goma ina biyan haraji, ko na bar ƙasar gaba ɗaya, ko mutuwa ta raba. Ma'ana, zan iya karɓar kati in sake ta gobe, ita kuma a ci gaba da bin ta. Ta san matan da aka yi wa haka, a cikin ƙawayenta ma akwai. Ta karanta shafukan nan ɗaya bayan ɗaya, saƙon gwaggona bai fi wata biyu da shiga kunnenta ba. Ta ɗauki biro ta yi bisimilla ta sa hannu.

Sauran takardun daga Zariya suka fito. A gida aka haife ni, ba ni da takardar haihuwa, dole Inna ta je kotu ta yi rantsuwar shekaruna, sannan a kai Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta ba da shaida. Inna ba ta san kwanan wata ba, amma ta ce ba ta mantawa, tana cikin wankan jego aka yi canjin kuɗi na Buhari, Baba ya kwana a layin banki. Afrilun 1984 ke nan. Da magatakarda ya ce ta faɗi sunan ɗan, sai ta sunkuyar da kai ta ja mayafi, ƙanena ne ya faɗa ita kuma ta gyaɗa kai ta dangwala yatsa. Takardar rabuwar aurena ta farko kuwa Kawu ya ciro ta daga adaka, aka fassara ta zuwa Turanci da shaidar mai fassara. Ba don ita ba da komai ya tsaya.

Bayan wasu watanni katin izinin aiki ya zo da lambar soshiyal. A 2019 aka kira mu ganawa a ginin gwamnatin tarayya da ke lamba 26 Federal Plaza a Manhattan. Matata na da tsohon ciki. Muka ɗaga hannu muka yi rantsuwa. Jami'ar ta duba takardar haya mai sunanmu biyu, da asusun banki, da takardar makarantar ɗan matata inda aka rubuta ni a matsayin wanda za a kira in wani abu ya faru. Ta tambaye ni ranar haihuwar matata, da sunan mahaifiyarta, da wanda ke kai yaro makaranta. In suka yi zargi raba ma'aurata suke yi, a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a gwada amsoshin, mu ba a kai mu nan ba. Sai dai ta daɗe a kan takardar kotun Zariya, sannan ta karanto tambayar da ke cikin fom ɗin, ko ina da niyyar auren mace fiye da ɗaya a Amurka. Na ce a'a. 'Yan'uwana masu mata a gida su riƙe wannan da kyau. Addininmu ya halatta, amma dokar can ba ta san aure na biyu ba matuƙar na farko na nan, kuma wanda ya ɓoye matarsa ta gida ya ce shi gwauro ne, ranar da abin ya fito har katin da ya riga ya karɓa ana iya ƙwacewa.

Girin kad ɗin da ya zo, wato katin zaman, na shekara biyu ne, mai sharaɗi, saboda aurenmu bai cika shekara biyu ba ranar da aka amince. Tun 1986 suke yin haka don tace auren ƙarya. A cikin kwana 90 na ƙarshe sai kun shigar da I-751, takardar cire sharaɗin, tare, da sabbin hujjoji cewa har yanzu kuna zaune.

A Disambar 2019 na zo gida. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Rigasa da na hau, babu shi lokacin da na tafi. Inna ta tsufa, ta riƙe hannuna ta kasa magana. 'Yata da na bari tana tatata ta zama 'yar shekara takwas, ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙo, ta koma bayan kakarta tana leƙena. Washegari ƙanena ya kai ni maƙabarta. Damina uku ta bi ta kan kabarin, ƙasa ta kwanta, ya tsaya yana dube-dube sannan ya nuna wani wuri ya ce, "Yaya, wajen nan ne, tsakanin nan da can." A nan na tsuguna na yi addu'ar da na daɗe ina riƙe da ita.

Ina komawa, a ƙarshen Janairun 2020, aka sa Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar wa bizar ƙaura, sai da Biden ya hau a Janairun 2021 aka soke. Sannan korona ta sauka a Bronx da ƙarfi. Matata na shiga gidan tsofaffi kullum mutane na mutuwa a hannunta, har ita ma ta kamu. Na killace ta a ɗaki, ina goye da jaririyarmu ina ɗinka takunkumi da ragowar shadda, ina ajiye mata kunu a bakin ƙofa. Allah ya tashi kafaɗarta. Muka shigar da takardar cire sharaɗi a 2021. A 2023 na yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, don mai aure da 'yar ƙasa shekara uku yake jira maimakon biyar, kuma tsarin mulkin Najeriya bai hana haifaffen ɗan ƙasa riƙe fasfo biyu ba. A ranar ce alkawarin da ta sa wa hannu ya sauka daga wuyanta. Ni na tuna mata, ita ta ma manta.

Kafin nan, a Ƙaramar Sallar 2022, na kawo ta Zariya. Ita ce wannan karon ta nemi biza. Ta ga hawan Sallah a zamanin Sarki Ahmed Nuhu Bamalli, ta ga zauren da na koyi ɗinki. Da ta durƙusa gaban Inna ta ce "Inna, mun same ku lafiya?" da Hausarta ta Zango, matan gida suka yi ta dariyar jin daɗi, Inna ta jawo ta ta zaunar kan tabarmarta. Ta zo da na'urar awon jini da ta suga saboda Inna, kafin kwana uku tsakar gidanmu ta cika da tsofaffin unguwa kowa na miƙo hannu. Gwaggon nan tawa na cikinsu. Matata ta auna ta, ta ga jininta ya hau sosai, ta sa aka kai ta asibiti a ranar, ta biya kuɗin magani. Ba ta taɓa tada maganar saƙon ba, ni ma na bi ta a haka.

Duk zuwan da na yi, samari na tare ni a zaure. "Yaya, a samo mana mana, ko tsohuwa ce." Da wasa suke faɗa, amma rabin maganar gaske ce, kuma ba na ganin laifinsu a kan son fita, na san abin da rashin aiki ke yi wa saurayi a garin nan. Sai dai ba na dariya. Ina gaya musu matan can mutane ne masu iyaye da zuciya, kuma wadda za ta sa maka hannu a takardar nan ta jingina maka albashinta da mutuncinta. Ina kuma gaya musu cewa da yawa daga cikin waɗanda muka yi zaman ɓoye tare har yau suna ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wasu an kamo su an dawo da su da kayan jikinsu. Ni hatimin fasfo ya taimake ni, shawarar dattijo ta taimake ni, sauran kuma Allah ne ya haɗa ni da mutuniyar kirki.

Abin da ya rage mini yanzu maganar babbar 'yata ce. Lokacin da na fara bin maganar, doka ta ba ni damar shigar mata da takarda, a kira ta ganawa a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas, kuma in ta shiga da katin zama tana hannuna kafin ta cika shekara 18 za ta zama 'yar ƙasa kai tsaye. Matata ta riga ta ce ɗaki na nan. Mahaifiyarta, wadda ta yi wani auren a Tudun Wada, ta ce sai yarinya ta sauke Alƙur'ani ta gama sakandare, kuma tana da hakkin faɗin haka, ita ta yi rainon da ban yi ba. Lissafin shekarun ya matse, in aka jira ta gama komai da ƙyar za a ci wa'adin. Na roƙi Kawu ya sake zama da kakanta na wajen uwa bayan Sallah, a kira yarinyar ita ma a ji ta bakinta.